Yadda Ake Cire Tsohon Fenti Daga Wilin Ƙarfe Mai Sheƙi

Sau da yawa mai keke ko babur kan wayi gari da sha'awar raba wilinsa da tsohon fenti, domin ya dawo da sheƙinsa na asali. Abin da yakan fara ɗauka shi ne sanfefa ko wuƙa, daga nan kuma ɓarna take somawa.

Wannan sheƙi ba na ƙarfen wilin ba ne. Shafe ne na wani ƙarfe mai suna kuromiyam, wanda masani Vauquelin ya gano a Faransa a shekarar 1797. Ana ɗora shi ne da ƙarfin lantarki bisa shimfiɗar nikel. Kaurinsa bai cika kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wato silin gashin ɗan Adam ya ninka shi sau da dama. Da zarar an karce wannan shafe, ruwa da iska sun sami ƙofar isa ga ƙarfen da ke ƙasa, sai tsatsa ta kama, ta riƙa ɓamɓare shafen daga ciki.

Saboda haka dabarar ita ce a tausasa fentin har ya saki da kansa. Fenti ba ya kama kuromiyam sosai saboda santsinsa. Sinadarin asiton, wanda mata ke goge jan farce da shi, yana narkar da fenti iri-iri ba tare da ya ci ƙarfen ba. Ana jiƙa tsumma da shi, a lulluɓe wurin na 'yan mintoci, sa'an nan a ture fentin da mayanin roba ko tsinken itace. Daga bisani a wanke da ruwan sabulu, a tsane sarai.

Akwai abubuwan kiyayewa. Asid na haidirokulorik, da ke cikin wasu magungunan wanke bayan gida, yana cinye kuromiyam. Sodar yin sabulu kuwa tana cin alminiyam. Wasu wililluka na zamani ma rufin roba gare su, wanda asiton ke lalatawa, don haka ya kyautu a fara gwadawa a wani ɓoyayyen gefe.

Lafiyar mai aikin ita ma abin dubawa ce. Asiton na saurin kama wuta, tilas a yi aikin a sarari, nesa da murhu da taba. A shekarar 2019 hukumar kare muhalli ta Amurka ta haramta sayar wa jama'a maganin cire fenti mai ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, bayan shaƙarsa ta halaka mutane. Wanda zai sayi irin wannan magani, ya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani tukuna.