Hassan Usman Katsina: Ɗan Sarki a Kakin Soja Lokacin Yaƙin Basasar Nijeriya

Idan ana zancen yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, sunayen da suka fi zuwa bakin jama'a su ne na kwamandojin da suka ja daga, wato Muhammadu Shuwa da Murtala Muhammad da Benjamin Adekunle. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi aikin wani hafsa wanda bai jagoranci runduna a bakin daga ba, amma kuma tarihin yaƙin ba ya cika sai da shi, wato Manjo-Janar Hassan Usman Katsina.

An haifi Hassan a Katsina cikin 1933. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko, wanda sarautar Katsina ta koma gidan Sulluɓawa a kansa. Ya yi karatu a Kwalejin Barewa, ya shiga soja cikin 1956, ya sami horo a Teshi ta ƙasar Gana, sa'an nan a Sandhurst ta Ingila. Daga baya ya yi aiki a Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ya kamata a lura da matsayin aikin soja a idon Bahaushen wancan zamani kafin a gane nauyin wannan mataki. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, amma wannan bai sa aikin ya yi daraja a birane ba. Ana ɗaukar soja a kan aikin wanda ya rasa tudun dafawa, har ma kalmar barikanci ta zama tana nufin rayuwar da ta saɓa wa tarbiyyar gida. Saboda haka shigar ɗan babban sarki mai sanda cikin kaki wata shaida ce ga iyaye cewa hafsanci ba abin kunya ba ne, a daidai lokacin da shugabannin Jihar Arewa suke kwaɗaitar da 'yan makaranta su shiga.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya same shi yana Manjo, yana riƙe da rukunin motoci masu sulke a Kaduna. A daren aka kashe Sardauna, aka kuma kashe manyan hafsoshin Arewa, Maimalari da Kur Muhammad da Largema da Pam. Cikin 'yan kwanaki Janar Ironsi ya naɗa Hassan Gwamnan Soja na Arewa, ya naɗa Ojukwu, wanda yake kwamandan bataliya ta 5 a Kano, Gwamnan Gabas. Hassan yana da shekara 32, ba shi da ƙwarewar mulkin farar hula. Abin da yake da shi shi ne asali, kuma da shi ya yi aiki. Ya san yadda ake shiga fada, ya san yadda ake magana da sarki ba tare da an zubar masa da girma ba. Ya jawo tsohon Gwamna, Sir Kashim Ibrahim, ya zama mai ba shi shawara, ya kuma dogara ga manyan ma'aikata irin su Ali Aƙilu wajen tafiyar da gwamnati.

Sai dai wannan zamani nasa na gwamna shi ne mafi duhu a tarihin Arewa na kusa, kuma bai dace mai nazari ya tsallake shi ba. Bayan doka ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya cikin Mayu 1966, tarzomar da aka sani da Araba ta ɓarke, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwa da dama. Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, kisan ya sake dawowa cikin Satumba da Oktoba, ya ma fi na farko muni, har da hannun sojojin da suka yi bore a Kano. Dubban mutane suka hallaka, waɗanda suka tsira suka kwarara Gabas. Hassan ya tafi Kano da kansa ya fuskanci sojojin da suka yi boren, abin da ba ƙaramar kasada ba ce ga hafsa a waɗancan kwanaki da kurtu yake iya juya wa shugabansa bindiga. Amma gaskiyar magana ita ce gwamnatinsa ba ta iya kare rayukan baƙin da suke ƙarƙashinta ba, kuma wannan gazawa tana cikin manyan dalilan da Ojukwu ya kafa hujja da su a taron Aburi na Janairu 1967, wanda Hassan ya halarta.

Ranar 27 ga Mayu, 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Hassan ya goyi bayan rabon, alhali kuwa kujerarsa ce rabon ya rushe. Shi aka ɗora wa shugabancin hukumar wucin gadi mai kula da kadarorin da jihohin shida suka gada tare, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyon Kaduna. Kwana uku bayan rabon aka yi shelar Biyafara, ranar 6 ga Yuli kuma aka fara harbe-harbe.

Gwamnatin Tarayya ta fara kiran yaƙin da sunan aikin 'yan sanda, wato ɗan ladabtarwa na 'yan makonni. Mamayar da sojojin Biyafara suka yi wa Jihar Yamma ta Tsakiya cikin Agusta 1967, har suka kai Ore, ita ta kawar da wannan zato. Aka shiga ɗaukar soja ba ƙaƙƙautawa, aka kira mazan jiya waɗanda suka yi yaƙin Bama su dawo bakin aiki, aka kwashi samari daga ƙauyuka aka ba su horon 'yan makonni. Rundunar da ba ta wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa.

Wannan runduna mai kumbura kullum ita Hassan ya karɓa cikin 1968, lokacin da aka naɗa shi Babban Hafsan Sojan Ƙasa. Aikin ofis ne, na kuɗi da kaki da abinci da albarushi da motoci, kuma ga alama ya fi na bakin daga ɗaure kai. Rundunoni uku ne suke yaƙi, kowacce kamar masarauta mai cin gashin kanta. Kwamandojin sukan nemi makamai ta hanyarsu, sukan ɗauki kurata da kansu, sukan kuma tsallake hedkwata su kai kuka ga Gowon kai tsaye. Ba su cika haɗa shiri ba, shi ya sa Biyafara take iya kwashe mayaƙanta daga wannan fage ta kai wancan. Sakamakon haka ya fito fili cikin Afrilu 1969: Runduna ta 1 ta kama Umuahiya, amma a watan Biyafara ta ƙwace Owerri daga hannun Runduna ta 3.

Cikin Mayu 1969 aka sauya kwamandojin duka uku. Iliya Bisalla ya gaji Shuwa, Gibson Jalo ya gaji Ibrahim Haruna a Runduna ta 2, Olusegun Obasanjo ya gaji Adekunle. Hukuncin na Gowon ne, amma daga nan ne hedkwatar da Hassan yake shugabanta ta fara samun ikon tsara yaƙin a matsayin abu guda. Wata takwas bayan haka, ranar 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas, bayan yunwa ta riga ta ci fararen hula masu ɗimbin yawa a yankin da aka yi wa ƙawanya, galibinsu yara.

Hassan ya sauka daga wannan muƙami cikin 1971, ya ci gaba da aiki a Babbar Hedkwatar Soja, ya bar aiki cikin 1975 bayan hamɓare gwamnatin Gowon. Ya riƙe sarautar Ciroman Katsina, ya kuma ci gaba da wasan ƙwallon doki wanda ya gada daga mahaifinsa da kakansa. Ya rasu ranar 24 ga Yuli, 1995, aka sanya wa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Katsina sunansa.