Kofur ya koma gona: mazan jiyan ƙasar Gumel

A ƙauyukan ƙasar Gumel akwai dattawan da sunansu na yanka ya ɓace tun da daɗewa. Kofur ake ce musu, ko Saje, ko Tsohon Soja kawai, har jikoki ma haka suke kira. In ɗayansu ya rasu, sau da yawa sai a zaman makoki matasa ke jin cewa tsohon da suka saba gani da hauya a kafaɗa ya taɓa kwana cikin ramin yaƙi a Kudu.

Yawancin waɗanda suka rage, yaƙin basasa ne ya kai su bariki. Kafin ya ɓarke a Yulin 1967, sojojin Nijeriya kimanin 10,000 ne. Da aka gama a Janairun 1970 sun doshi 250,000. Da yawa daga wannan ciko samarin karkara ne da suka ajiye garma suka ɗauki bindiga. Magabatansu, waɗanda Turawan Ingila suka kai Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu, yau sai dai labari.

Dawowa gida ba hutu ba ce. Farin 1973 ya ƙone amfanin gona, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ake sayarwa a ga kuɗi. Wanda aka sallama a ƙarshen shekarun 1970 ya tarar da jigawa mai yashi da damina gajera. Sai gero da wake da riɗi, daga baya kuma zoɓo, wanda dillalai ke tattarawa a Maigatari domin kai wa ƙasashen waje. Ranar Alhamis za a gan shi a kasuwar dabbobi ta garin, yana janye da ɗan akuyar da zai zama kuɗin taki.

Abin da ya bambanta shi da maƙwabcinsa shi ne horon bariki, wanda ba ya fita jiki. Ranar aikin gayya shi ke jera samari sahu-sahu. In ɓarayin shanu sun matsa, shi ke tsara wa 'yan sintiri wanda zai kwana a wace kusurwa. Yasar rijiya, gyaran katangar maƙabarta, raka masu allurar rigakafi gida-gida lokacin da wasu ke rufe musu ƙofa: duk da shi, kuma ba a biyansa ko sisi. Yana da faɗa, gaskiya ne. Wanda ya makara wajen gayya ya san haka.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da Biyafara ta miƙa wuya, ana ajiye furanni a Abuja da Dutse domin tunawa da mazan jiya. Bikin ba ya isa ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar sai ta rediyo. A can, tarihin mutumin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado: takardar sallama da ta yi ja, lambar yabo da ta dushe, hoto baƙi da fari, da takardun fansho da ya sha ɗauka zuwa birni wajen tantancewa. Galibi sai ranar rabon gado ake buɗe akwatin, a miƙa wa jikan da ya yi boko ya karanto lambar sojan.