Abin da Ke Cikin Ƙwan Baji

A tsakiyar ƙasar Ostareliya, inda akan shekara ba a ga ruwan kirki ba, akwai wata 'yar tsuntsuwa koriya mai rawayan kai da zanen baƙi a baya. Daga baki zuwa ƙarshen bindi ba ta wuce santimita 18 ba, nauyinta kuwa giram 30 zuwa 40. Dangin aku ce, kuma duk wanda ya san tsirya ta dazukanmu zai ga kama a lanƙwasar baki da tsawon bindi. Bajeriga ake kiranta, masu kiwo su ce baji. Ba ta da garin zama. Garke-garke take yawo, wani lokaci dubbai, tana bin inda hadari ya zubar, domin inda ruwa ya sauka nan ciyawa ke yin 'ya'ya, su ne kuwa abincinta. Da ta dace da irin wannan wuri sai ta nemi kogo a jikin itacen turare ta fara ƙwai, tun kafin ƙasa ta sake bushewa.

A 1840 masanin tsuntsaye John Gould ya kai ta Ingila da ranta, Turawa suka yi ta rububinta, har a 1894 aka hana fitar da ita daga Ostareliya. Ke nan bajin da ake gani yau a keji, shuɗi da fari da rawaya, haihuwar keji ne tun kaka da kakanni. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Har gobe baji ba ta saƙa sheƙa. Abin da take so shi ne akwatin katako mai duhu da ƙaramar ƙofa, a yi masa ɗan kwarmi a ƙasa don kada ƙwai su gangara su bar ƙarƙashinta.

Yadda take ƙwan shi ne abin da ya kamata mai kiwo ya fara riƙewa, don yawancin ɓarnar da ake yi daga nan take tasowa. Takan yi huɗu zuwa shida, wani sa'in har takwas, kuma ba a jere ba: ta yi yau, ta tsallake gobe, jibi ta sake. Ba ta jiran su cika kafin ta hau kwanci kamar yadda kaza ke yi. Tun daga na farko ko na biyu take kwantawa a kai. Kowane ƙwai yana bukatar kimanin kwana 18 na ɗumin uwa, saboda haka kowanne da ranarsa. In ƙwai shida ne, tsakanin na fari da auta kwana goma ne cur. Mutumin da ya leƙa akwati ya yi musu lissafi ɗaya, zai yanke wa auta hukunci tun bai fara nuna komai ba.

Duba ƙwai da haske ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai sayen ƙwan zabi a kasuwar ƙauye da damina yakan dunƙule hannu, ya ɗora ƙwan a bakin dunƙulen, ya kanne ido ɗaya ya ɗaga wa rana. In ya ga ciki garau ya saya, in ya ga duhu ya mayar. Mai kiwon baji wannan aikin yake yi, sai dai fatansa ya saɓa da na mai saye: shi garau ɗin ne ba ya son gani. Sauran dabarun kasuwa kuwa, tsoma ƙwai a ruwa ko girgiza shi kusa da kunne, kada a kusanci ƙwan baji da su. Ƙwan bai kai santimita 2 ba, ɓawonsa siriri ne, girgiza ɗaya na iya tsinka jijiyoyin da rai ke rataye a kansu.

A bari ƙwan ya yi kwana biyar zuwa bakwai a ƙarƙashin uwa. A jira lokacin da ta fito da kanta don yin kashi ko miƙe fiffike, a wanke hannu a goge shi sarai, a rage hasken ɗaki. Tocilar waya ta wadatar, don ba ta zafi. A kanga ta a jikin ƙwan, in da hali ma yana nan kwance a gurbinsa ba tare da an ɗauke shi ba. Ƙwan da ke da ɗa, cikinsa ja-ja ne, da jijiyoyin jini sirara sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan ɗigo mai duhu a tsakiyarsu. In ka riƙe hannunka bai yi rawa ba, wani lokaci sai ka ga ɗigon yana motsi, ɗif, ɗif. Zuciya ce. Na daɗe ina ganin duk yaron da ke gidan masu kiwo ya cancanci a nuna masa wannan ko sau ɗaya, ya ga yadda Allah ke gina rai a cikin abin da bai cika tafin hannunsa ba.

Wanda ba ɗa kuwa, haske ratsa shi yake yi fes, sai inuwar gwaiduwa rawaya tana lilo. Akwai na uku, mai ban tausayi: za a ga jan zobe ɗaya ya kewaye ciki, ba rassan jijiya. Wannan ya fara, ya mutu a hanya. Bayan kamar kwana goma sha biyu, ƙwai mai rai yakan cika da duhu, ba a ganin komai sai sararin iska a gefen da ya fi faɗi. Ko ba tocila, gwanaye kan gane: mai ɗa yakan koma fari mai kauri, ɗan toka-toka, holoƙo kuma yana nan da ɗan hasken rawaya a jikinsa.

Gani ya kori ji, amma gani ɗaya ba ya isa a zubar da ƙwai. A ɗiga wa kowanne lamba da fensir mai taushi ranar da aka same shi, wanda aka yi kokwanto a kansa a ba shi kwana uku a sake dubawa. Kuma kada dubawar ta zama ta kullum. Namiji ne ke ciyar da macen tana kwanci, yana amayo mata abinci baki da baki a ƙofar akwati, ita kuma tana juya ƙwan da bakinta. Sun san aikinsu. Hannun da ke buɗe akwati safe da yamma na iya sa uwa ta firgita ta taka ƙwai, ko ta yi fushi ta bar kwancin gaba ɗaya. Sauri ya haifi nawa.

In duk ƙwan suka fito holoƙo, ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko a duba shi ne fatar da ke saman baki, inda hancin yake: ta namiji baligi shuɗiya ce, ta mace fari-fari ko ruwan ƙasa, kuma takan yi kaushi in ta shirya haihuwa. Amma a wajen farare da rawaye masu jan ido, namiji ba ya yin shuɗin, shi ya sa ake haɗa mata biyu a keji ɗaya ana jiran 'ya'ya. Wanda ya tsinci sababbin ƙwai biyu a rana ɗaya, to ya sake duba tsuntsayensa. Mace ko ita kaɗai ce tana iya yin ƙwai. Bayan wannan akwai ƙuruciya, don bai kamata a haɗa su ba kafin su kusa shekara. Akwai ƙiba, akwai gashi mai yawa a gindin bindi. Akwai ma abin da ba a kawowa a rai, sandar da suke tsayawa a kai: in tana juyawa ko tana santsi, namiji ba ya samun tsayuwa a bayan mace. Masu kiwo a ƙasarmu su ƙara da hunturu, don bushewar iska kan sa fatar cikin ƙwai ta ƙeƙashe, ɗan ya kasa fitowa. Ɗan kwanon wanka a keji yana taimakawa.

Saura baragurbi. Sunansa ya ɓaci a bakin Hausawa, har yaron da ya fanɗare ake kira da shi, kuma hannu yakan yi ƙaiƙayin fitar da shi nan take. A nan ban yarda da gaggawa ba. In aka kwashe wa baji ƙwai, sabo take yi don ta cike gurbi, kuma kowane ɓawo daga kalshiyam ɗin jikinta yake fita. Macen da aka bari tana ta yi a kai a kai takan rame, ƙwai ya maƙale mata a ciki, abin da ke kashe baji cikin ɗan lokaci. Ƙwan da ba ɗa, muddin bai fashe ko ya yi wari ba, yana riƙe ɗumi, kuma jinjirin da ya fito tsirara ido rufe yana samun abin jingina kai. A bar mata su har 'yan kwanaki bayan ranar auta, ko sai ta fita harkarsu da kanta. Sa'an nan a kwashe, a cire akwatin, a ba ta gero da ganye da dakakken ɓawon ƙwan kaza da aka dafa, ta huta wasu watanni kafin a sake rataya mata shi.