Daga Ofis Zuwa Lambu: Matasan Apo Da Noman Da Ba Takin Zamani

Duk wanda ya bi ta Apo da sassafe, ya wuce rukunin gidajen 'yan majalisa, ya miƙa wajen Waru da Wasa, zai ga 'yan filaye kore shar a tsakanin ginin da aka kammala da wanda aka kai linta aka bari. Masara da doya ba baƙi ba ne a wannan wuri, domin kuwa Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna nomansu a nan tun kafin a yi dokar kafa sabon birnin tarayya a 1976. Baƙon abu shi ne latas da kokwamba da tattasai da gwanda, da kuma irin mutanen da ke duƙe a kansu. Waɗansu daga cikinsu samari ne da 'yan mata masu digiri, waɗanda suka taɓa zama a banki ko kamfanin waya ko wata ma'aikata, sa'an nan suka ajiye biro suka ɗauki fartanya. Abin da suke tallar kayansu da shi kuwa shi ne ba su zuba takin zamani, ba su fesa maganin ƙwari na kanti. Watau noman da Turawa ke kira oganik.

Dalilin barin ofis ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 mutum 33 cikin 100 na masu neman aiki ba su da shi, masu aikin ma kuwa tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya riƙa cinye albashin da yawa daga cikinsu kafin wata ya raba. Ga shi kuma masu saye suna nan kusa. A Asokoro da Maitama da Apo ɗin kanta akwai gidaje da otal-otal da ofisoshin jakadanci da ba su ƙi su ƙara kuɗi ba in dai za su sami ganyen da hankalinsu ya kwanta da shi. Tsoron nasu yana da tushe: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ta tarar a cikinsa, irin wanda ke cikin Sniper.

Mai karatu da ya tashi a karkarar Kano zai yi murmushi in ya ji ana kiran wannan sabon noma. Tun zamanin kakanni jakuna ke fitowa daga birni da mangalolin shara da toka da kashin awaki zuwa gonakin da ke kewaye, su koma da itace da hatsi, kuma da haka ne aka yi ta noma ƙasa guda shekara da shekaru ba ta mutu ba. Sai daga 1976, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, da juyin noma na Shehu Shagari a 1980, buhun taki mai rahusa ya mamaye ƙauyuka sosai. Abin da matasan nan suke koya daga waya, yawancinsa tsofaffin Dawakin Kudu sun san shi da ka.

Amma fa sanin abu daban, ɗaukar wahalarsa daban. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Kafin a sami kwatankwacin haka daga busasshen kashin shanu sai an tara tan ɗaya zuwa biyu, a biya mota ta kawo, a biya masu watsawa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, amma in aka zuba shi ɗanye sai ya ƙone shuka, don haka dole a haƙa rami, a jera shi da busasshiyar ciyawa da toka, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har wata biyu ko uku kafin ya ruɓe. Maganin ƙwari kuwa, ana daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma, kuma tun da rana tana kashe ƙarfinsa sai an maimaita kusan kowane mako. Wanda ya ga yadda tsutsar nan ta cinye tumatir a 2016, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa, ya san ruwan darbejiya ba kullum yake isa ba. Ƙasar Siri Lanka ma da ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a watan Afrilu na 2021, ba ta kai ƙarshen shekarar ba sai da ta janye, shinkafarta kuma ta yi mummunar faɗuwa.

Duk waɗannan mai haƙuri yana iya shawo kansu. Wanda ya fi ƙarfin haƙuri shi ne maganar fili, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Takin zamani shuka yake ciyarwa, a ga amfaninsa cikin mako biyu. Takin gargajiya kuwa ƙasa yake ginawa, a hankali, ta yadda wahalar bana sai baɗi ko baɗin baɗaɗa ake cin moriyarta. Shi ya sa a Turai ba a yarda a kira amfanin gona oganik sai ƙasar ta yi shekara biyu ba sinadari, itatuwan marmari kuwa shekara uku. A Amurka ma wata 36 ne. To, wane ne a cikin matasan Apo yake da tabbacin zai kai shekara uku a filin da yake nomawa?

Bisa ga sashe na 297 na tsarin mulkin 1999, dukan ƙasar da ke cikin birnin tarayya ta gwamnatin tarayya ce, kuma minista ne ke raba ta. Filayen da ake gani babu gini a kewayen Apo, yawancinsu suna da masu su a takarda, suna jiran kuɗin siminti ne kawai, ko kuma jiran farashi ya ƙara tashi. Saurayin da ya karɓi irin wannan fili daga hannun maigadi ko wani dillali, ya kwashe rani biyu yana zuba taki, ya kafa gwanda da ayaba, wata rana sai ya wayi gari tifa ta juye yashi a kan fangalinsa. Ba shi da wurin kai ƙara, domin da ma kayan aro ba ya rufe katara. Su kansu Gbagyi, da aka tsara unguwar sake tsugunarwa ta Apo domin mutanen Garki da maƙwabtansu, gidaje aka fi yi musu tanadi, gonakin da suka bari kuwa sun zama tituna.

Wannan rashin tabbas ne ke jawo wata ɓarna da ba a son faɗa. Mutumin da bai san ko zai ga damina mai zuwa a fili ba, in tsutsa ta faɗa wa kabejinsa ana saura mako biyu a yanka, da wuya ya tsaya kallo. Zai fesa abin da ya samu da dare, da safe ya kai wa mai saye da sunan oganik, mai saye kuwa ba shi da hanyar ganewa, tun da latas ba ya magana. Ƙungiyar masu wannan noma ta Nijeriya, wato NOAN, tana ƙarfafa wani tsari inda manoma ke haɗuwa su riƙa duba gonakin junansu tare da masu saye, su ba da shaida, domin takardar shaidar kamfanonin waje ta fi ƙarfin aljihun mai rabin eka. Tsari ne mai kyau, amma shi ma yana bukatar gonar da za a dawo a tarar da ita a inda aka bar ta.

Masu dabara a cikinsu sun kasu biyu. Waɗansu sun bar Apo ta zama wurin sayarwa kawai, sun koma Kuje da Kwali, ko sun tsallaka jihar Nasarawa, inda ake samun hayar gona ta shekaru da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu. Kuɗin mota ne ke cin ribarsu, ga shi hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta a 2011, ta shafe fiye da shekara goma ba a gama ba. Waɗansu kuwa sun koma noman buhu: a cika buhunan siminti da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a dasa tumatir da attaruhu da alayyahu, ran da mai fili ya zo a loda su a mota a yi gaba da ƙasar da aka sha wahalar ginawa. Wannan ya yi wa kayan miya daidai. Mangwaro da lemo kuwa, da sai sun shekara uku zuwa biyar kafin su fara 'ya'ya, ba su zama a buhu, shi ya sa har yanzu mai neman su a Apo yawanci na kasuwar Zuba yake saye.