Magani Gwargwadon Cuta

Ga wata mas'ala da ta shafi tsaron 'ya'yanmu. Mutumin da aka ɗaure saboda fyaɗe, wata rana zai fito. In ya bar kurkukun Funtuwa, cikinmu zai komo, ya ci kasuwar Sheme tare da mu. To, da wane hali zai komo?

A shekarar 2019 Gwamnatin Tarayya ta sauya sunan gidajen yari, ta kira su gidajen gyaran hali. Suna ya yi kyau, amma gyara yana da mizani. Masana uku na ƙasar Kanada, Andrews da Bonta da Hoge, sun bayyana mizanin a 1990: a auna haɗarin kowane ɗaurarre, watau yiwuwar ya sake aikatawa. Ana duban shekarunsa, da laifuffukan da ya gabatar, da irin waɗanda ya zalunta. Mai haɗari babba a tsananta masa horo da sa ido. Mai haɗari kaɗan a ba shi gwargwado, a nisanta shi daga kangararru, domin zama da su yakan ƙara lalata shi.

Kuma ku sani, ba kowane magani ke warkarwa ba. A Ingila an daɗe ana tara irin waɗannan fursunoni ana yi musu darasi ƙungiya-ƙungiya. Da aka bincika a 2017, sai aka tarar 10 cikin 100 na waɗanda suka zauna darasin sun sake, alhali waɗanda ba su zauna ba 8 ne. Aka soke tsarin.

Wannan mizani ba baƙo ba ne ga mai karatun fiƙihu. Haddi ƙayyadadde ne, amma ta'aziri an bar shi ga ijtihadin alƙali, ya dubi laifi, ya dubi mai laifin. Mu ma a makarantar allo ba mu yi wa kolo da gardi horo ɗaya.

Kada a ɗauki wannan sassauci ne. Haƙƙin wadda aka zalunta yana nan. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ɗora wa mai tilastawa sadaki bayan haddi. Hukunci saboda abin da ya wuce ne, gyara kuwa saboda yarinyar da ba a taɓa ba tukuna.

Saboda haka muna roƙon hukuma ta auna kowa ranar da ya shiga, ta raba ɗakunansu, kuma ta sanar da dagaci in za a sallami mai haɗari babba. Allah shi tsare zuriyarmu.