Alama Ɗaya Tak Ta Isa Ta Rufe Shafin Ɗan Kasuwa

A birnin Jos, hedkwatar Jihar Filato, samari da 'yan mata da dama suna neman abincinsu ta hanyar gina wa mutane shafunan intanet. Wasu a Jami'ar Jos suka koya, wasu kuwa a cibiyoyi irin su nHub wadda aka buɗe a 2015. Ɗaya daga cikin harsunan kwamfuta da ake wannan aiki da su shi ne PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fito da shi a 1995.

To, akwai wani tarko a cikin wannan harshe. Shi tsarin kwamfuta cike yake da ƙananan umurnai masu kama da 'yan aike. Bisa al'ada, idan aka ba ɗan aike wani lissafi, kwafi ake ba shi, kome ya canza bai taɓa na asali ba. Amma in aka sa alamar &, ainihin littafin ajiyar kuɗi aka miƙa masa, abin da ya rubuta kuwa ya zauna.

A da, mai rubuta tsarin yana iya sa wannan alama a daidai wurin da yake tura ɗan aiken. Da PHP 5.3 ta fito a 2009 sai aka yi kashedi a daina. Da 5.4 ta fito a watan Maris na 2012 aka soke hanyar ɗungum. Tun daga nan, sai dai a sa alamar a inda aka bayyana aikin ɗan aiken tun farko.

Abin da ya jawo sokewar shi ne, ɗan aiken da aka shirya don kwafi yana iya lalata littafin asali ba da sanin kowa ba.

Saboda haka tsohon shafin da aka rubuta ta wancan salo, ranar da kamfanin da ke ajiye shi ya ɗora sabon PHP, tsayawa zai yi cik. Mai ciniki ya buɗe, ya tarar da farin allo ko saƙon kuskure.

Gyaran ba wuya: a cire alamar daga wurin turawa, a mayar da ita wurin bayyana aiki, in ana bukatarta. Don haka 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan masu shafin ciniki, ya kamata su tambayi wanda ya gina musu wane PHP shafin yake kai, su kuma sa a gwada shi kan sabo kafin a ɗora. Rigakafi ya fi magani.