Miƙaƙƙen jins ko mai buɗaɗɗen baki: wanne ya dace da jikinka?

Yawancin masu sayen wandon jins ƙugu kawai suke dubawa. Mutum zai ɗauki wando a rumfar 'yan gwanjo, ya zagaya ƙugun wandon a wuyansa, in baki biyu sun haɗu sai ya ce ya yi, ya biya kuɗi ya tafi. Sai ya je gida ya sa, ya ga ƙugu ya zauna daidai amma wandon bai karɓe shi ba. Dalili kuwa shi ne kyan jins a jiki ya fi ta'allaƙa da abin da ke faruwa daga gwiwa zuwa idon sawu, kuma a nan ne ɗinkuna biyu da suka daɗe a kasuwa suka rabu: miƙaƙƙe, da mai buɗaɗɗen baki wanda 'yan kasuwa ke kira butkot.

Miƙaƙƙe shi ne na asali. A ranar 20 ga Mayu, 1873, wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss na birnin San Faransisko a Amurka suka sami takardar mallakar fasahar ƙarfafa bakin aljihu da 'yan ƙusoshin tagulla, domin leburori da masu haƙar ma'adinai. Daga wannan wando ne aka sami Levi's 501, wanda har yau shi ake misali da shi in ana maganar miƙaƙƙen jins. Faɗin ƙafarsa a gwiwa kusan ɗaya ne da faɗinta a ƙasa. Butkot kuma bukata ce ta haife shi. Makiyayan shanu na Amurka masu hawan doki suna sa dogon takalmin fata da ke kaiwa sha-raɓa, suna son wandon da zai rufe shi ba tare da ya tattare ba. Sai aka yi ɗinkin da ke kama cinya, ya ɗan tsuke a gwiwa, sannan ya buɗe a hankali zuwa ƙasa. Kamfanin Levi's ya fito da irinsa mai lamba 517 a 1969, kuma daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ya zama ɗinkin yayi ga maza da mata a ƙasashe da dama.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wanne ke hannunka, musamman a gwanjo inda takardar jikin wando kan goge ko a yanke ta. Shimfiɗa wandon, ka ninko bakin ƙafar ka ɗora shi a kan gwiwa. In faɗinsu ya zo ɗaya, miƙaƙƙe ne. In bakin ya zarce gwiwar ta kowane gefe, butkot ne. In kuwa bakin ya gaza, to ka kama hanyar fensir, wanda maganarsa daban ce.

Wanda ya fi cin moriyar butkot shi ne mai faɗin ƙugu da kaurin cinya, mace ko namiji. Ido yana kwatanta faɗin sama da na ƙasa ne. In ƙugu na da faɗi kuma wando ya tsuke a idon sawu, sai faɗin saman ya ƙara fitowa fiye da yadda yake. Ɗan buɗewar nan ta ƙasa tana yi wa ƙugun kishiya, kamar yadda ake ƙara dutse a ɗaya gefen sikeli, sai jiki ya fito a daidaice. Haka ma mai kaurin sha-raɓa yakan sami sarari a cikinsa, yadin ba ya manne masa a baya yana tattarewa a bayan gwiwa.

Amma butkot yana da sharaɗi, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu da yawa ke shan wahalarsa. An ɗinka shi ne domin takalmi mai tudun dunduniya, kuma ba ya kyau sai bakinsa ya sauko ya rufe mafi yawan takalmin, ya tsaya kaɗan sama da ƙasa. Mu kuwa rabin rayuwarmu a silifa da takalmi sau-ciki muke yin ta, muna cirewa a ƙofar masallaci da ƙofar ɗaki. Duba bayan ƙafar wanda ya sa butkot da silifa na wata guda: za ka ga kalmasar ta fashe, fararen zaruruwa sun zubo, dunduniya ta tattake wurin ya yi baƙi da ƙura. In damina ce, ruwan kwata yake sha ya hau har ƙwauri. Ga mai kula da tsarkin tufafin salla wannan ba ƙaramar magana ba ce. Don haka duk yadda jikin mutum ya dace da butkot, in ya san takalminsa na kullum shimfiɗaɗɗe ne, miƙaƙƙe ya fi masa kwanciyar hankali.

Gajeren mutum ma ya yi hattara. Buɗewar butkot daga gwiwa take farawa, kuma an auna gwiwar ce da tsawon wanda aka ɗinka wa. In gajere ya sayi dogo ya kai wa tela ya rage inci uku ko huɗu, an yanke wurin da ya fi faɗi ke nan, tsukewar gwiwar kuma ta sauko masa kan ƙwauri, sai wandon ya zama ba miƙaƙƙe ba, ba butkot ba. Miƙaƙƙe ba shi da wannan matsala, ko nawa aka rage siffarsa tana nan. Gajeriyar mace da ke sa takalmi mai tsini kan iya amfana da butkot mai ɗan siririn baki, domin yana ɓoye tsinin ya ƙara wa ƙafa tsawo a ido, amma sai in ta same shi a tsawonta tun daga shago.

Dogo siriri kuwa duka biyun suna karɓarsa, zaɓi nasa ne.

Mai tumbi da siraran ƙafafu, wanda shi ne siffar magidanta da yawa bayan shekara arba'in, miƙaƙƙe ya fi masa. Yana sauka daga ƙugu ba tare da ya nuna inda ƙafa ta sirance ba. Haka mai gwame ko mai bakan ƙafa: tsukewar butkot a gwiwa take, daidai inda yake so ido ya wuce, alhali miƙaƙƙe mai ɗan sakewa yana rufe karkatar.

Akwai wani awo da ba a cika rubutawa a jikin wando ba, ga shi kuwa yana iya ɓata kowanne daga cikin ɗinkunan biyu. Lambobin da kake gani, kamar 34 da 32, na farko ƙugu ne, na biyu tsawon ƙafa ta ciki, duka a inci. Ba su gaya maka nisan da ke tsakanin hantsar wando da bakin ƙugunsa. Butkot na yayin shekarun 2000, wanda shi ne ya cika dilolin gwanjo, galibi gajeren ƙugu gare shi, a ƙasan cibiya yake zama. Mai tumbi in ya sa, sai cikin ya faɗo a kansa. Kuma ko marar tumbi, da zarar ya yi ruku'u ko ya zauna a tabarma sai bayan wandon ya zame, tsatso ya fito. Kowa ya taɓa ganin haka a sahu, kuma abin ba daɗin gani. A nemi wanda ƙugunsa ya kai cibiya ko kusa da ita.

Yadin ma yana da nasa. Jins saƙa ce da ake rina zaren tsaye da shuni a bar na kwance fari, shi ya sa cikinsa ya fi bayansa haske. Na auduga zalla yana riƙe siffarsa, kuma shi ya fi fito da miƙaƙƙe. Wanda aka sa wa zaren roba kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ya fi sauƙi ga mai kaurin cinya, sai dai yakan saki a gwiwa bayan an daɗe ana sa shi. Sabon jins na auduga yakan ɗan tsuke a wankin farko, saboda haka a wanke shi kafin a kai wa tela ya rage tsawo, kuma a je wurin telan da takalmin da za a riƙa sawa da shi.

Tela na iya rage ƙugu, yana iya rage tsawo, amma ba shi da yadin da zai ƙara wa cinyar da ta matse. In za ka saya, ka roƙi mai kaya ya bar ka ka gwada. Ka tsuguna, ka zauna, ka ɗaga ƙafa kamar za ka hau babur. In cinya ta kama ka ko baya ya zame, ka ajiye shi komai arharsa, ka nemi wani.